Amsa ga mai tambaya kan Eldritch Knight

Ƙanina, barka da shigowa cikinmu. Ka ce za ku buɗe sabon wasan Dungeons & Dragons, wasan tebur na labari da dais, a unguwar Asawase ta Kumasi da dokokin 2014, kana son gwarzon da zai riƙe takobi kuma ya taɓa sihiri, idonka ya faɗa kan Eldritch Knight, wato reshen mayaƙi (Fighter) mai koyon sihiri, amma wasu sun ce maka ɓata lokaci ne. Na daɗe ina jan wasa a teburinmu na Aboabo, na kuma riƙe shi da hannuna, to ga abin da na gani.

Kafin ka rubuta komai a takardarka, tambayi mai jan wasanku mataki nawa yake sa ran za ku kai. Wasanninmu na nan ba sa nisa. Wannan ya koma karatu jami'ar KNUST, wancan ya samu aiki ya tafi Akra, azumi ya shigo a ce a dakata, bayan salla kuma sai a nemi mutane a rasa. Yawancin waɗanda na gani tsakanin mataki na 5 da na 8 suke mutuwa. Don haka kar wani ya ruɗe ka da abin da gwarzon zai zama a mataki na 18. Ka auna shi da abin da zai ba ka daga na 3 zuwa na 7.

A wannan tsakanin, mayaƙi ne tsantsa wanda aka ɗan yafa wa sihiri. A mataki na 3 gurbin sihiri biyu kacal gare ka (kowane sihiri da ka yi yana cin gurbi ɗaya), daga na 4 zuwa na 6 uku, kuma ba sa dawowa sai an yi dogon hutu. Sihiri mai daraja ta biyu sai mataki na 7. Fireball, sihirin ƙwallon wutar nan da kowa ke ɗoki, bokan littafi (Wizard) yana samunsa a mataki na 5, kai sai na 13. Idan a zuciyarka hoton da kake gani shi ne mutum yana sara da dama yana watsa wuta da hagu, to za ka ji an cuce ka. Taura biyu ba ta taunuwa, kuma waɗanda suka tsara wasan da gangan suka hana.

Amma bari in nuna maka inda yake da daɗi. Ka sa sulken sarƙa (chain mail) mai ba da kariya 16, wato adadin da mai kawo maka hari sai ya kai kafin ya same ka, ka ɗauki garkuwa ta ƙara 2, ka zaɓi salon faɗa na kare kai ya ƙara 1. Ka kai 19 ke nan. Sai ka koyi sihirin Shield, wanda ke ƙara 5 nan take bayan an kawo maka hari, ya kuma tsaya har zagayenka ya dawo. Wata Asabar bayan la'asar, an ɗauke wuta muna wasa a baranda, na sa ƙaton dodon nan Ogre ya tare wa 'yan wasana wata siririyar gada. Shi yana ƙara 6 a jifansa, kulkinsa kuma yana cin jini kusan 13 a bugu ɗaya, wanda ya isa ya kusa kwantar da bokan littafi mai mataki na 3. Mai Eldritch Knight ya shiga gaba ya tsaya. Na jefa dais ya ba ni 15, na haɗa 21, har na fara lissafin ɓarna. Yaron ko ɗaga kai bai yi ba, ya ce Shield, ya ja layi a kan gurbi ɗaya. Kariyarsa ta koma 24, wato sai na jefa 18 ko sama kafin in taɓa shi. 'Yan baka suka gama da dodon daga bayansa. Aikin wannan gwarzo ke nan, kuma a wannan fannin ba shi da na biyu a cikin mayaƙa. In Allah ya sa kuka tara zinare 1,500 ka sayi cikakken sulken ƙarfe, 21 za ka riƙa yawo da shi, 26 in ka yi Shield.

Kuskuren da sababbi ke yi shi ne ƙona gurabensu wajen kai hari. Duba lissafin: sihirin wuta na Burning Hands dais uku ne masu fuska shida, wajen 10 ko 11, kuma in abokin gaba ya ci jifan dais na tsira rabi zai sha. A mataki na 5 kana sara sau biyu. Da babban takobi da ƙarfi 18, in duka sun shiga wajen 22 ne, ba ka kashe gurbi ko ɗaya ba. Ga kuma matsalar basira. Makinka ya riga ya tafi ga ƙarfi da juriya, abin da ya rage wa basira kaɗan ne, don haka sihirinka da ke buƙatar abokin gaba ya kasa tsira yawanci zai tsira. Zaɓi waɗanda ba ruwansu da basirarka: Shield, sai Absorb Elements in mai jan wasa ya yarda da littafin Xanathar na 2017. Dokar 2014 ta ɗaure ka ga sihirin kariya da na ɓarna, amma a cikin ukun farko ɗaya kana da 'yancin ɗauko shi daga ko'ina. Ni Find Familiar nake ba da shawara, sihirin da ke kira maka dabbar da za ta yi maka hidima. Mujiya ta leƙo maka hanya, ta kuma taimaka maka a faɗa.

Akwai wata doka da ke tayar da gardama a kowane tebur, gara ku warware ta tun kafin a fara. Shield yana buƙatar motsin hannu, kai kuwa dama takobi hagu garkuwa. A rubuce, ba za ka iya ba sai ka ɗauki baiwar War Caster. Wasu masu jan wasa suna kau da kai, ni ba na kau da kai. Sauƙin abin shi ne mayaƙi yana samun damar ƙarin maki a mataki na 4 da na 6, wasu kuwa sai na 4 da na 8, to bayar da ɗaya don War Caster ba zai karya ka ba. Ko kuma ka riƙe takobi mai hannu biyu, ka saki hannu ɗaya lokacin sihirin, ka haƙura da 2 ɗin garkuwa.

A mataki na 7 kana samun War Magic: ka yi ƙaramin sihirin da ba ya cin gurbi, sannan ka ƙara sara ɗaya. Da ƙaramin sihirin Booming Blade abin yana armashi, domin shi kansa sara ne mai ƙarin tsawa, kuma in abokin gaba ya motsa ya sake sha. A na 11 ne yake fara cin karo da sara ukun mayaƙi, amma na riga na gaya maka wasanninmu ba sa yin wannan nisa. Bugun 2024 ya gyara wannan, ya kuma cire ɗaurin nau'in sihiri, in da za ku koma can.

Idan kuwa sihirin ne ya fi jan ka, akwai wasu ƙofofin. Paladin, mayaƙi mai rantsuwa, yana fara sihiri a mataki na 2, yana zuba gurbinsa cikin sara ya ƙara dais biyu masu fuska takwas, kuma kwarjininsa yana kare duk wanda ke kusa da shi daga mataki na 6. Hexblade, boka mai yarjejeniya (Warlock) da ke riƙe makami, yana sara da kwarjini, gurabensa biyu ne amma suna dawowa da gajeren hutu. Bladesinger cikakken bokan littafi ne mai riƙe takobi, zai samu Fireball a kan lokaci, sai dai jininsa na dais mai fuska shida ne, naka mai fuska goma. Bugu biyu masu kyau suka same shi sai a ɗauke shi.

Ka dubi sauran 'yan teburinku. In akwai boka da mai warkarwa amma babu mai tsayawa gaba, ɗauki Eldritch Knight ba tare da wani ɗar-ɗar ba: ƙarfi 16, juriya 14 ko sama, basira 12 ta wadatar. In kuma akwai Paladin ko Barbarian a gaba, kuma ba wanda ke riƙe da sihiri sosai, Bladesinger zai fi yi muku amfani. Turo mini jerin abin da sauran suka zaɓa da yadda kuke raba maki, in duba maka takardar kafin ranar Asabar.