Tambaya da Amsa: An Busar da Fadama, Rijiyarmu ta Ja Baya

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Akwai wata fadama sama da gonarmu, tazarar kamar rabin kilomita. Shekara uku da suka wuce mai wurin ya ja mata lambatu, ya tsiyaye ruwan, ya mai da ita gona. A shekarar farko rijiyarmu ba ta nuna komai ba. Bana kuwa sau biyu ina ƙara wa guga igiya. Na yi masa magana, ya ce da aikinsa ne ya jawo, da tun shekarar farko an gani. Mai haƙar rijiya kuma ya ce kogin da ke ƙarƙashin ƙasa ne ya sauya hanya. Wa ke da gaskiya a cikinsu?

Daga wani manomi

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Bari in fara da mai haƙar rijiya, don tun da na soma aikin auna rijiyoyi babu maganar da na fi ji irin tasa.

A mafi yawan wurare babu kogi a ƙarƙashin ƙasa. Ka cika bokiti da yashi, ka zuba ruwa har ya ɓace, sannan ka tona rami da yatsa. Ruwa zai taru a ramin. To rijiyarka ke nan. Ruwan yana zaune ne a 'yan kafofin da ke tsakanin ƙwayoyin yashi da tsakuwa, ko a tsagogin dutse, yana matsawa a hankali daga inda matakinsa ya fi tudu zuwa inda ya fi kwari. Wani injiniyan Faransa, Henry Darcy, wanda ya samar wa birnin Dijon ruwan sha, shi ya auna wannan tafiya. Ya ɗura yashi a bututu ya riƙa tura ruwa ta ciki, a 1856 ya wallafa abin da ya samu: yawan ruwan da ke ratsawa ya dogara da gangaren matakin ruwan da kuma irin ƙasar da yake bi. Har yau da lissafinsa muke aiki.

Ba zan ce mai haƙar ya yi ƙarya gaba ɗaya ba. Inda ƙasa take dutsen farar ƙasa ne, ruwa kan cinye dutsen ya yi kogo, ya riƙa gudu a ciki kamar ƙorama. A kudancin Jamus akwai inda kogin Danube ke nutsewa cikin ƙasa, wasu ranakun ma ya ƙafe ƙaf a wurin. A 1877 wani masani, Adolf Knop, ya zuba gishiri da rini a inda ruwan ke ɓacewa. Bayan kamar sa'a 60 sai ga su sun ɓullo a marmaron Aach, kilomita 12 daga nan, wanda ruwansa kogin Rhine yake shiga. Ruwan da a sarari ya kama hanyar Bahar Aswad, tekun da Danube ke shiga, ta ƙarƙashi ya ɓulle wani teku daban. Amma rijiyar da aka haƙa cikin yashi da laka kusa da fadama ba ta cikin wannan sahu.

Yanzu ga maƙwabcinka. Hujjarsa ba ta tsaya ba, kuma lissafi ne ya kayar da ita. A yashi matsakaici, in gangaren bai yi yawa ba, ruwan ƙasa kan yi kamar santimita 20 a yini, kusan ɗani guda. Dodon koɗi ya fi shi sauri nesa ba kusa ba. Mita 500 a wannan tafiya kwana 2,500 ne, kusan shekara bakwai. Saukar matakin ruwa takan riga ruwan kansa isowa, amma ita ma sai ta ɗauki watanni, wani lokaci damina biyu ko uku, kafin ta bayyana a rijiyar da ke nesa. Shirun shekarar farko bai wanke kowa ba. Haka abin ya saba zuwa.

Sai dai kar ka yi saurin ɗora masa laifi, don fadama ba iri ɗaya ba ce. Wata ita ke shayar da ƙasa: ruwan damina ya kwanta a kanta makonni, yana nasowa ƙasa kaɗan-kaɗan. Wata kuma ƙasa ce ke shayar da ita, ruwa na tsatsafowa daga ƙarƙashi, shi ya sa take kore har bazara. Akwai ta uku da ke zaune kan yumɓu mai kauri kamar ruwa a kasko, tsakaninta da rijiyoyi sai gaisuwa. Fadama guda ma tana iya ba da ruwa da damina ta karɓa da rani.

Yadda muke ganewa ba wani abin a-zo-a-gani ba ne. Bututu biyu muke kafawa dab da juna a gefen fadamar, ɗaya gajere, ɗaya dogo, kowanne buɗe yake ta ƙasa kawai. Bayan kwana biyu sai mu zura awo. In ruwan dogon bututun ya tsaya ƙasa da na gajeren, ruwa sauka yake yi, fadamar na ciyar da ƙasa. In ya haura na gajeren, tasowa yake yi. Na taɓa tsayawa cikin wani dausayi da tsakar rana, ruwan sama-sama ya yi ɗumi kamar an ɗora shi a wuta, amma tafin ƙafata na jin sanyi yana hudowa ta cikin laka. Tun kafin in duba bututu na san amsar. Ruwan ƙasa zafinsa ba ya sauyawa sosai rani da damina, shi ya sa yake tona kansa.

Abin da ya sa nake ɗaukar ƙorafinka da muhimmanci shi ne wani bincike da aka yi a kudu maso yammacin Nijar. Tsakanin 1963 da 2007 matakin ruwan ƙasa a can ya tashi da kamar mita huɗu, alhali a cikin shekarun ne aka sha farin 1970 da ɗoriya da na 1980 da ɗoriya. Da aka bi diddigi sai aka ga sare daji ya sa ƙasa ta yi ɓawo, ruwan sama ya riƙa gangarawa yana taruwa a tafkuna da kududdufai, daga gindinsu kuma yake nutsewa. Ba ina yabon sare itatuwa ba ne, zaizayar da ya jawo ta ishi kowa. Abin lura shi ne, a ƙasa mai ƙarancin ruwan sama, inda ruwa ya kwanta ya daɗe nan ne ƙofar da yake bi ya shiga ƙasa. Wanda ya ja lambatu ya kore shi cikin kwana biyu yana iya rufe wannan ƙofa bai sani ba.

Ga abin da za ka yi. Ka sa alama a bakin rijiyar, ka riƙa auna zurfin ruwan daga alamar sau ɗaya a mako, da asuba kafin a jefa guga, kana rubutawa. Ka nemi wata rijiyar da ke nesa da fadamar ka yi mata haka. In duka biyun suna sauka tare, ka duba ƙarancin damina ko wata sabuwar burtsatse da ke zuƙa da inji a kusa. In taka ce kaɗai ke sauka, ko ta fi sauri, to kana da takardar da za ka zauna da maƙwabcinka a kanta. Kafin nan kuma ka sa a leƙa ko rijiyar yasa take buƙata.

TAMBAYA: Malam, malaminmu ya ce ana iya sanin shekarun ruwan rijiya. Ruwa yana da shekaru ne?

Daga wata ɗaliba

AMSA: Yana da su, 'yata, in ana nufin tsawon zamansa a ƙasa tun ranar da ya sauko daga sama. Gwaje-gwajen bam ɗin nukiliya a sararin sama sun cika ruwan sama da wani sinadari, tiritiyum, wanda ya kai ƙololuwa a 1963, kuma rabinsa ke lalacewa duk bayan shekara 12 da 'yan watanni. In aka same shi a rijiya, ruwan ya shiga ƙasa ne bayan 1950 da ɗoriya. Wanda ya fi haka tsufa ana auna shi da wani sinadarin, kabon-14, mai kaiwa dubban shekaru. A ƙarƙashin hamadar Masar da Libiya da Sudan da Chadi akwai ruwan da ya sauka lokacin da Sahara take da dausayi, kuma awon da aka yi wa wasu rijiyoyin yammacin Masar ya nuna har da mai kusan shekara miliyan ɗaya. Ruwan ƙarƙashin hamadar nan ne Libiya ke turawa ta manyan bututu zuwa biranenta na bakin teku.