Tambaya da Amsa: Da hannu ake gina tukwanen Hopi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni maginiyar tukwane ce a wani ƙauye kusa da Ringim, sana'ar gado ce. Ɗana ya nuna mini wasu tukwane masu ruwan ɗorawa a wayarsa, ya ce na mutanen Hopi ne a Amurka, wai da hannu ake yi, ga tsada. Ni dai ban yarda ba, sulɓinsu ya yi yawa.

Amsa: Wa alaikumus salam, Inna. Yaronki gaskiya ya faɗa. Hopi 'yan asalin ƙasar ne, suna zaune a kan tuddai uku a arewa maso gabashin jihar Arizona, kuma maginansu na gargajiya ba sa taɓa inji a wannan aiki.

Mace za ta haƙo yumɓunta, ta jiƙa, ta tace, ta murza shi kamar igiya ta riƙa ɗorawa zagaye-zagaye, sannan ta kankare da sakaina. Sulɓin nan da ya ba ki shakka, ɗan dutse ne ake ta gogawa kafin gashi har tukunya ta yi sheƙi. Baƙin zanen kuwa, ganyen wani tsiro suke dafawa sai ya yi kauri, su haɗa da garin dutse mai ƙarfe, su zana da zaren ganyen wani tsiron sahara da ake kira yuka, wanda aka tauna bakinsa. A fili suke gashi, da busasshen kashin tumaki, a kare tukwanen da tsingaro. Yumɓun toka-toka ne, wuta ce ke fito da launin, shi ya sa wani gefen ya fi wani ja.

Tsadar kuwa, a ganina, suna ne. Wata mata, Nampeyo ta ƙauyen Hano, ita ta farfaɗo da zanen da take gani a fasassun tukwanen kufan Sikyatki, wani tsohon ƙauyen Hopi, wanda masana suka tona a 1895: fukafukan tsuntsu, wutsiyar gaggafa. Da idonta ya mutu ba ta aje aikin ba, tana gini da lalube, 'ya'yanta suna zanawa, har ta rasu a 1942. Zuriyarta suna nan suna yi, kowa na sa sunansa a gindin tukunya. Masu saye ba girki za su yi da ita ba, Inna, ajiye ta suke a falo ko gidan tarihi, kuma kafin ciniki sai sun kifa ta sun duba wa ya gina.