Tambaya da Amsa: Mene ne Fenway ɗin da ake haɗawa da Liverpool?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni ɗan kabu-kabu ne a unguwar Zango, nan Damagaram, kuma Liverpool nake goyon baya. Duk lokacin da aka yi maganar masu kulob ɗin sai in ji ana cewa Fenway. Gardama ta kaure a fadarmu wajen shayi: ni na ce sunan attajirin ne, abokina ya ce filin wasa ne, wai ma shi ya fi kowane fili tsufa a Amurka. Don Allah a raba mu.

Amsa: Ƙanena, abokinka ya fi ka kusa da gaskiya, amma shi ma bai cinye duka ba. Attajirin sunansa John Henry. Fenway Park kuwa fili ne a birnin Bostan, gidan ƙungiyar Red Sox, kuma ba balo ake bugawa a cikinsa ba, bezbol ne: wannan wasan da ɗaya ke jefo ƙwallo, ɗaya ya make ta da sanda ya ruga yana zagaya sansani huɗu kafin a kamo shi. Henry da abokan kasuwancinsa sun sayi Red Sox a 2002, suka sayi Liverpool a 2010, kamfaninsu kuma ya ɗauki sunan filin.

An buɗe Fenway ranar 20 ga Afrilun 1912, kwana biyar bayan nutsewar jirgin ruwan Titanik. A lokacin Damagaram ce hedikwatar Nijar a hannun Faransa, sai a 1926 aka mayar da ita Yamai. Ka ga ke nan ba yaro ba ne.

Abin da ya sa nake ƙaunar filin nan, karkatacce ne. Ba a samu fegi mai faɗi aka zana shi ba, tsakanin titunan gari aka cusa shi, kamar yadda gidajen Birni suke bin duwatsu da lungu, kowane bango da inda ya samu wuri. Ta ɓangaren hagu titin Lansdowne ya matse filin, tazarar daga inda mai bugu ke tsayawa ba ta wuce mita 94 ba, sai aka tada katanga mai tsawon mita 11 da ɗoriya. A 1947 aka shafa mata koren fenti, shi ya sa suke ce mata Koren Dodo. Ƙwallon da a wani fili za ta tsallake ta fita, a nan sai ta bugi Dodo ta dawo, mai tsaron wajen kuma dole ya san kowane kwana da za ta yi. A gindin katangar akwai allon sakamako, kuma har yau mutane ne ke zaune a wani ɗan ƙuntataccen ɗaki a cikinta, suna leƙe ta ƴar kafa, suna cire farantin lamba suna saka wani da hannu. A can cikin kujerun dama, dukkansu kore, akwai guda ɗaya ja. Nan ƙwallon da Ted Williams, ɗan wasan Red Sox, ya make ta sauka a 1946, bayan ta yi tafiyar mita 153.

A 1999 masu ƙungiyar na wancan lokaci sun fito da shirin gina sabon fili a gefe. Mutanen gari suka tashi suka ce ba su yarda ba. Da su Henry suka karɓa sai suka zaɓi gyara, har suka ɗora kujeru a saman Dodo a 2003. Wannan ya shafe ka kai tsaye, don irin shawarar da suka yanke a Liverpool ke nan: an daɗe ana zancen sabon fili a Stanley Park, su kuwa suka faɗaɗa Anfield, babbar rumfar ta buɗe a 2016. Kuma ka faɗa wa ƴan fada cewa Anfield ya girmi Fenway, tun 1884 ake taka leda a cikinsa.

Mai bi wa Fenway a tsufa a babbar gasar bezbol ta Amurka shi ne Wrigley Field na Shikago, 1914. Sunan na mai kamfanin cingam ne, William Wrigley. Bangonsa na bulo ne, an dasa masa wata ciyawa mai yaɗo a 1937 ta lulluɓe shi. Idan ƙwallo ta shige cikin ganyen ta ɓace, ɗan wasa ba ya tsayawa tono, hannu biyu yake ɗagawa sama, alƙali ya ba mai bugu sansani biyu. Ba a sa wa filin fitilun dare ba sai 1988. Ƙungiyarsu, Cubs, ta ci kofi a 1908, ba ta sake ɗaga shi ba sai 2016. Mahakurci mawadaci.

Yanzu ga inda abokinka ya zame. Fenway ya fi tsufa ne a cikin filayen da babbar gasa ke amfani da su. Amma akwai yayansa a Bamingam ta jihar Alabama, Rickwood Field, wanda aka buɗe a watan Agustan 1910. Ni dai in za a ce in zaɓi ɗaya, wannan zan zaɓa, kuma ba don tsufansa ba.

A zamanin wariyar launin fata ba a barin baƙar fata ya buga a babbar gasa, komai gwanintarsa. Sai baƙaƙe suka kafa tasu gasar. Rickwood na ƙungiyar turawa ne, Barons, amma in sun tafi wasa waje sai ƙungiyar baƙaƙe, Black Barons, ta yi hayar filin. Ranar wasan turawa kuma, baƙin da ya biya kuɗinsa can gefe ake ware masa wurin zama. A wannan filin Satchel Paige ya yi jifa, a nan kuma wani yaro ɗan shekara 17, Willie Mays, ya fara fitowa a 1948, wanda daga baya ya zama ɗaya daga cikin gwanayen da wasan ya taɓa gani. Babbar gasar da ta rufe wa iyayensa ƙofa ta kai wasanta Rickwood ranar 20 ga Yunin 2024 don girmama waɗancan ƴan wasa, tsakanin Giants da Cardinals. Mays ya rasu saura kwana biyu, yana da shekara 93. Na kalli guntayen wasan a waya, an turo tsofaffin ƴan gasar baƙaƙe cikin fili, wasu a keken guragu, wasu da sanda, kuma wallahi abin ya taɓa ni. Hakkinsu ne aka biya a makare.

Abin da ke ba ni takaici shi ne Ebbets Field na Buruklin. A can ne Jackie Robinson ya fito ranar 15 ga Afrilun 1947 cikin rigar Dodgers, baƙar fata na farko a babbar gasa a wannan zamani, yana shan zagi daga ƴan kallo har da wasu ƴan wasa, bai rama ba. Wurin da ya kamata a riƙa kai yara ƴan lakwal su gani. Amma ƙungiyar ta yi ƙaura zuwa Los Anjeles bayan kakar 1957, aka rushe filin a 1960, aka gina benayen haya a wurin. Tsohon filin Yankees na 1923, inda Babe Ruth ya yi suna, shi ma an rufe shi a 2008 aka baje. Na Ditiroit, wanda aka buɗe rana ɗaya da Fenway, haka.

Filin da Dodgers suka gina a sabon garinsu an buɗe shi a 1962, shekara biyu bayan Nijar ta samu ƴancin kai, kuma yau shi ne na uku a tsufa a babbar gasar. Duk filayen da aka gina tsakanin Wrigley da shi, ko an rushe su, ko gasar ta tattara ta bar su.