"To" Ba Alkawari Ba Ce: Amsar Tambayoyi Biyu

Wata mai karatu daga Kafanchan, ma'ajiyar zumuntar mata a majami'arsu, ta aiko da tambaya a kan kalmar "to". Ta ce ta roƙi wani dattijon ikilisiya ya ara musu motarsa domin zuwa taron yanki, ya amsa mata da "To, Allah ya kai mu," ita kuwa ta tashi a gaban mata ta sanar cewa an sami mota. Da ranar ta zo, mata sun taru da kayansu tun da asuba, sai dattijon ya ce shi bai yi wa kowa alkawari ba, kuma tun daga lokacin gaisuwa ma da ƙyar take haɗa su. Tana son sanin ko "to" amincewa ce.

Mama, a Hausa "to" shaida ce cewa magana ta shiga kunne, amma ba kullum take nufin ta sami karɓuwa ba. Idan aka faɗe ta a gajarce aka bi ta da "na yarda" ko "ku zo ku ɗauka", an amince. Idan aka ja ta, aka ɗora mata "Allah ya kai mu" ko "sai mu gani", yawanci mai maganar yana neman hanyar kauce wa "a'a" ne, domin Bahaushe na jin nauyin hana mutum abu ido da ido, balle a harabar majami'a bayan sujada, jama'a na kallo. Wannan shi ake kira kara. A ganina ke kin yi gaggawar fassara, amma kason dattijon ya fi yawa, domin ya san kin tafi da wata fahimta, ya bar ki a kanta. Matiyu 5:37 ya umarci masu bi su bar i ɗinsu ya zama i, a'a kuma a'a, kuma harshenmu bai rasa hanyar ƙi cikin ladabi ba: da ya ce, "Ki yi haƙuri 'yata, motar tana da aiki ranar," da ba a kai nan ba. Nan gaba, in an ce miki "to", ki ƙara da "Baba, in sanar da su ke nan?"

Tambaya ta biyu daga wani matashi ce a Wusasa, wanda ya ga kamar karin magana biyu suna karo da juna: "A bar kaza cikin gashinta" da "Ranar wanka ba a ɓoyon cibi". Wanne ne, in ji shi, ya dace da Kirista idan ɗan'uwa ya ɓata masa rai?

Ba sa karo, kowanne da lokacinsa. Na farko yana magana a kan abin da tonawa ba za ta gyara ba, sai dai ta kunyata wani, kamar yadda figaggiyar kaza ba ta da kyan gani. Na biyu kuwa yana nufin idan lokacin warware matsala ya yi, ɓoye-ɓoye ba shi da amfani. Inda ake kuskure shi ne a wajen kalmar kawaici. Kawaici shi ne ka ga laifi, ka kau da kai, ka kuma sauke shi daga zuciyarka. Wanda ya ce "ba komai" a gaban mai laifin, sannan ya kwashi maganar ya kai wa 'yan ƙungiyar mawaƙa, ba kawaici ya yi ba, gulma ya yi. Idan kuma ya ɗauko martanin can ya dawo da shi nan domin a haɗu, ya shiga annamimanci, kalmar da muka aro daga Larabci. Akwai kuma habaici, wato zagin kasuwa, wanda mai yinsa ya san da wanda yake, kuma abin takaici har cikin addu'ar taro akan ji shi, inda ake roƙon Allah ya shiryi "waɗansu" alhali kowa ya san su wane ne.

Matiyu 18:15 ya ce mutum ya fara zuwa wurin ɗan'uwan, su biyu kaɗai, kafin a sa wani a ciki. Wannan tsari ya tara karin maganar biyu wuri ɗaya: an buɗe cibi, tunda an faɗi laifin ba tare da kwana-kwana ba, an kuma bar kaza cikin gashinta, tunda ikilisiya ba ta ji ba. Sau da yawa a wannan zama ne mai ƙorafi kan gano cewa abin da aka kawo masa ba haka aka faɗe shi ba, domin ɗan'uwan cewa ya yi kuɗin baikon majami'a bai cika ba, kafin maganar ta iso ta zama an ce an ci kuɗin.