Shin Fim ɗin Battlefield Earth Da'awar Scientology Ne, Kuma Ya Halatta A Kalle Shi?

Tambaya:

Assalamu alaikum. Malam, Allah Ya ƙara lafiya. Wani abokina ya turo mini fim ɗin Amurka mai suna Battlefield Earth a waya, na kalla. Daga baya aka ce mini 'yan wani addini ne da ake kira Scientology suka shirya shi don jan mutane, har wani ya ce na taɓa imanina. Mene ne gaskiyar lamarin, kuma mene ne hukuncina?

Amsa:

Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Malamai suna cewa ba a yanke wa abu hukunci sai an san shi, don haka bari mu fara da shi kansa addinin. Wani Ba'amurke marubucin ƙagaggun labarai, L. Ron Hubbard, shi ya kafa shi a farkon shekarun 1950, ya mutu a 1986. Koyarwarsu ita ce mutum ruhi ne madawwami da suke kira thetan, wanda yake fita daga jiki ya shiga wani, rayuwa bayan rayuwa. Suna da wani zama na tambayoyi da ake riƙe wata na'ura, wai ana wanke mutum daga raunukan rayuwarsa ta baya, kuma mataki-mataki ake biyan kuɗi masu yawa. Amurka ta ɗauke musu haraji a matsayin addini a 1993, amma wata kotu a Faransa ta kama reshensu da laifin damfara a 2009. Wannan aƙida kafirci ce babu ja, domin ta rushe tashin alƙiyama da hisabi. Allah Ya ce game da wanda ya roƙi a dawo da shi duniya bayan mutuwa: a'a, a gabansu akwai shamaki har ranar da za a tashe su (Muminun, 99 zuwa 100).

Shi kuwa fim ɗin, ya fito a shekarar 2000, an ɗauko shi daga littafin da Hubbard ya wallafa a 1982. Shahararren ɗan fim ɗin Amurka John Travolta, wanda ya shiga addinin tun 1975, shi ya daɗe yana fafutukar a yi shi, kuma ya fito a ciki. Labarin wasu halittu ne daga wata duniya da suka bautar da 'yan Adam a shekara ta 3000. Sunan waɗannan azzalumai Psychlos, kuma masu nazari da dama sun lura cewa sunan ya yi kama da na likitocin ƙwaƙwalwa a Turanci (psychiatrists), waɗanda Scientology take ɗauka manyan abokan gaba.

To da'awa ce? Nan ne nake son ka natsu. Ba a ambaci Scientology a cikin fim ɗin ba, ba a karantar da aƙidarsu a fili ba, kuma Travolta ya musanta cewa don addinin aka yi shi. Mu kuwa an hore mu: kada ka bi abin da ba ka da ilimi a kansa (Isra'i, 36). Adalci wajibi ne ko a kan wanda ba musulmi ba, saboda haka ba zan rantse a kan abin da ke zukatansu ba. Sai dai ba wa'azi kaɗai ake tallata addini da shi ba. Tun 1955 Hubbard ya tsara shirin jawo shahararrun mutane, kuma har yau suna da cibiya ta musamman a Hollywood don 'yan fim da mawaƙa. Yaro ya ga sunan Hubbard a fim ɗin, ya shiga intanet ya nema, littafin labari ya kai shi ga littafin aƙida. Wannan ƙofar ita ce abin tsoro, ko da kuwa fim ɗin ya faɗi warwas a kasuwa, kamar yadda ya faru.

Hukuncinka: imaninka yana nan. Kallon labari daban, gaskata aƙida daban, kuma wanda ya ce ka taɓa imaninka ya yi gaggawa, ya ji tsoron Allah. Kafirta musulmi ba abin wasa ba ne.

Amma ban ba ka shawarar sake kallonsa ko tura wa wani ba, musamman yara. Barinsa ya fi. Idan mutum ya ji zuciyarsa ta fara karkata ga neman littattafansu alhali ba shi da ilimin rarrabewa, to a kansa ya haramta, domin Annabi (SAW) ya ce wanda ya ji labarin Dujal ya nisance shi, kamar yadda Abu Dawud ya ruwaito. Malami ko mai bincike da zai kalla don ya faɗakar da jama'a, babu laifi a kansa, Huzaifa (RA) ma yakan tambayi Annabi game da sharri don gudun kada ya riske shi. Sauran sharuɗɗan kallo kuma suna nan a kan kowane fim: kawar da kai daga tsiraici, da kada ya ci lokacin sallah.

Wallahu a'alam.