Nimoniya ta tafi amma ƙirji na nan yana suka

Tambaya: Salam likita, daga Pantami nake a Gombe. Sati uku kenan da sallamo ni daga asibiti bayan nimoniya, zazzaɓi ya sauka amma har yanzu in na ja numfashi sosai ko na yi tari sai in ji suka a haƙarƙarin dama. Mai kemis ɗin layinmu ya ce sanyin ne bai gama fita ba, in zo ya ƙara min allura. Wallahi hankalina a tashe yake.

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ƙara sauƙi. Galibi tantanin da ya lulluɓe huhu ne bai gama saɓewa daga kumburi ba, ga naman haƙarƙari da tari ya jigata. Tari kan kai sati 6, kasala ma har wata 3. In dai sukan na raguwa, farasitamol da hutu sun isa, ka rufe hanci in ƙurar hunturu ta taso.

Amma maganar allurar nan, don Allah kar ka je. Wane sanyi ne zai fita? Ƙwayar cuta ce ta kama huhu an kashe ta, babu wani sanyi da ya maƙale a ƙirjinka. Kullum sai mun ga wanda aka yi ta ɗirka wa allura a kemis, a haɗa masa da ciprofloxacin ko levofloxacin, alhali tarin fuka (TB) ke cinsa, su kuma magungunan nan suna ɗan danne TB ne, mutum ya ji sauƙi ya koma gida yana ta raba wa iyali, in an zo gwaji kuma a sha wahalar gano ta. Wani mutumin kuma ruwa ne ko mugunya ta taru a gefen huhunsa, sai an zuƙe, shi ko mai kemis ko ƙirjin bai saurara ba. Ban ma zo kan masu kai ƙirji wajen wanzami a yi ƙaho ba. Haba jama'a!

Ka koma inda aka kwantar da kai. In zazzaɓi ya dawo, ko gumin dare, ko rama, ko jini a majina, a yi hoton ƙirji da gwajin majina na GeneXpert mai gano tarin fuka, wanda kyauta ne a cibiyoyin TB na gwamnati. In kana shan taba ko ka haura 50, a sake hoto bayan sati 6 ko da ka ji garau. In ko numfashi ya sarƙe farat ɗaya ko ƙafa ɗaya ta kumbura, gudan jini ake tsoro, ka tafi asibiti ko da tsakar dare ne.