Amsa ga Sani kan okid ɗin da ke zubar da ganye

Sani, na ga tambayarka game da okid ɗin nan, wato wani nau'in furen ado, mai suna Masdevallia da wata hajiya ta kawo lambu a kula mata da shi, wanda ka ce ya fara zubar da ganye tun shigowar watan Maris alhali kana ba shi ruwa safe da yamma, har kana tunanin ƙara masa. Ka dakata da ƙarin ruwan tukuna, ka rataye ma'aunin zafi kusa da tukunyar, domin ina kyautata zaton zafin dare ne yake cin sa.

Asalin wannan fure tsaunukan Andis ne na Kudancin Amurka, musamman Kolombiya da Ekwado da Peru, inda ire-irensa da yawa suke maƙale a rassan itatuwa da jikin duwatsu a tsayin mita 2,000 ko fiye, cikin dazuzzukan da gajimare ke sauka a kansu kusan kowace rana. Abin da ya saba da shi shi ne yinin da zafinsa bai wuce digiri 24 ba, da daren da ke sauka zuwa 10 ko 13. Mu nan Jos muna kan tudu mai kimanin mita 1,200, saboda haka hunturu yana ba shi irin daren da yake so, amma da zarar bazara ta kama sai sanyin daren ya ragu, tsiron ya riƙa cinye abincin da ya tara da rana, ganyensa ya yi baƙin tabo sannan ya faɗi ɗaya bayan ɗaya. Mai kula da shi kuwa sai ya zaci ƙishirwa ce, ya tuttula masa ruwa, saiwa ta ruɓe, a taru a rasa.

Ka lura cewa Masdevallia ba shi da kumburarren gindin nan da wani nau'in okid mai suna Cattleya yake ajiye ruwa a ciki kamar rumbu, don haka kwana biyu na bushewa yana galabaitar da shi, kuma zama cikin ruwa sharkaf yana kashe shi. Ka zare shi daga tukunya a hankali, ka duba saiwar da idonka: lafiyayya fara ce mai tauri, bakinta kore, ruɓaɓɓiya kuwa ruwan ƙasa ce, kana matsa ta sai ɓawon ya saluɓe ya bar maka zare a hannu. Ka yanke ruɓaɓɓun da almakashin da ka gasa a wuta, ka sake dasa shi cikin sabuwar gansakukar Sphagnum wadda ka jiƙa ka matse, ba tare da ka danna ta ba, a ƙaramar tukunyar ƙasa mai huda a gindi. Na zaɓi ta ƙasa ne saboda dalilin da ya sa ruwan tulu yake sanyi: danshin da ke tsatsowa ta jikinta yana bushewa, yana tafiya da zafi. Idan ka zaunar da ita cikin wata babbar tukunya ka cike tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ka kunna ƙaramar fanka dare da rana, saiwar za ta samu sauƙi sosai. Fankar wajibi ce, domin laimar kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari da yake bukata tana jawo ruɓa idan iska ta tsaya cik.

Batun ruwa kuma, ruwan sama kaɗai na yarda da shi. A shekarun farko na shayar da nawa da ruwan burtsatse, sai bakin ganyen ya riƙa ƙonewa, farin gishiri ya taru a leɓen tukunya, ban gane ba sai da na yi asarar tukwane da dama. Taki ma kashi ɗaya cikin huɗu na abin da aka rubuta a jikin kwalba ya isa, kuma kada ka ba shi yanzu da yake jinya. Haske kuwa na inuwa ne: ka miƙa hannunka a saman ganye, idan inuwar hannun ta fito ɓaro-ɓaro, to wurin ya yi masa rana.

Na ji hajiyar tana sha'awar ɗan'uwansa Dracula, wanda masanin tsirrai Carlyle Luer ya ware daga Masdevallia a 1978. Shi wannan ya fi wuya, yawancin ire-irensa ma ta ƙasa suke fitar da fure, sai an dasa su a kwando mai ƙofofi an rataye. Kada ka karɓi aikinsa sai ka ga ka tsallakar da wannan na hannunka bazara biyu. Ka kuma gaya mata gaskiya cewa idan ta mayar da shi gidanta na Kano, ba zai rayu ba sai a ɗaki mai na'urar sanyaya iska da wutar da ba ta ɗaukewa.

Ka rubuta abin da ma'aunin ya nuna da ƙarfe goma na dare da kuma asuba har kwana uku, ka zo mini da takardar ranar Asabar tare da tukunyar.